Watannin da Mai Aski Ya Daina Shan Magani

Shagonsa bai fi taku huɗu ba: kujera ɗaya mai juyawa, madubi, benci, sai fanka mai ƙara kamar za ta faɗo. Shekara goma sha tara ya yi yana aski a ciki, kuma duk layin an san taushin hannunsa. Akwai wani tsohon direba da kan yi barci har da minshari ana yi masa gyaran fuska.

Wani ciwo ya kama shi tun yana saurayi. Likita ya ce ciwo ne mai haɗa abu biyu: mutum ya riƙa jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, zuciyarsa kuma ta yi sama har ya kasa zama, daga baya ta faɗo ƙasa warwas. Aka ɗora shi kan ƙwayoyi. Ya dawo hayyacinsa, ya yi aure, ya samu 'ya'ya biyu. Sai dai maganin ya sa shi ƙiba da nauyin jiki, bakinsa kullum a bushe, a 'yan shekarun nan kuma hannunsa ya fara rawa.

Ranar da askarsa ta ɗan tsaga kunnen wani, mutumin dariya ya yi, ya ce ba askin kunne ya zo ba. Shi kam gabansa ya yi ta faɗuwa har yamma. In hannun ya tafi, da me zai riƙe gida? Washegari ya zuba ƙwayoyin a kwata, bai gaya wa kowa ba.

Wata biyu ya ji shi sakayau. Rawar hannu ta tsaya, tumbi ya ragu, matarsa har tana tsokanarsa wai ya koma ango. Daga nan barci ya fara guduwa. Ya yi wa shagon fenti sau uku a mako guda, ga surutu ba tsayawa. Matar ta tambaye shi ko yana shan maganinsa, ya rantse mata yana sha.

Wata rana da hantsi yana gyara wa tsohon direban gemu, sai ya ji murya daga cikin ƙarar fankar, muryar da ya rabu da ji shekara da shekaru. Ta ce mutanen da ke kan benci ba aski ya kawo su ba, turo su aka yi, kuma sun san abin da ya zuba a kwata. Ya duba madubi, ya ga biyu a cikinsu suna raɗa. Gumi ya keto masa. Ya san ciwon ne, amma sanin bai rage masa komai ba. Ya lallaɓa ya ajiye askar can nesa da shi.

"Baba, tashi don Allah," ya ce. "Ba ni da lafiya. Ka kai ni gida."

Tsohon ya kalle shi sau ɗaya, ya goge kumfar da ke rabin fuskarsa, ya kama hannunsa.

Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti, na farko-farkon a takure a lungun gado, ko ruwa ba ya karɓa sai daga hannun matarsa. Ita kuwa ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai ce rantsuwar da ya yi mata ta fi ciwon tsorata ta.

Da ya samu kansa, ya tambayi likita ko akwai ranar da zai rayu ba magani. Likitan ya ce ba zai rantse cewa babu wanda ya taɓa yi ba, amma yawanci ciwon dawowa yake, musamman in an yanke lokaci ɗaya a ɓoye.

"Da ka gaya min hannunka na rawa, da mun canza tun tuni," in ji likitan.

Aka sauya masa wani maganin. Rawar ta ragu, ba ta tafi duka ba, don haka ya bar aska, da inji kawai yake aiki yanzu. Wasu masu zuwa sun koma wani shagon. Shi da matarsa sun yi yarjejeniya: in ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, asibiti za su nufa, ko ya so ko bai so ba. Sau ɗaya hakan ta faru a bara. Suka je, yana tsuma a kan layi, ita tana riƙe da katinsa.