Wuni guda da Yaya Isufu ya yi a Abidjan

Da kamawar watan Rajab na bana, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar wana, Isufu Baduku. Ba ni da kabarin da zan tsaya a kai in yi masa addu'a, domin a teku aka sa shi, tsakanin Konakiri da Dakar. Duk shekara in watan ya zo sai in hau jirgin ƙasa zuwa Port-Bouët, in tsaya bakin ruwa in karanta abin da ya sawwaƙa. Bana na ga ya kamata in rubuta. Ni ba mai ilmi ba ne. Allo na yi, bokon kuwa da girmana na tsince shi a wurin wani akawu, saboda haka masu karatu su yi haƙuri da hannuna.

Mu mutanen Tsibiri ne ta ƙasar Gobir, ubanmu ɗaya, kowa da uwarsa. Yaya Isufu ya girme ni da nisa, shi ya so ya koya mini dukanci. Da ya ga kullum sai na soke yatsana da basilla, sai ya ce, "Haruna, kai hannunka na cin tuwo ne." A wurinsa raha ce, ni kuwa na riƙe ta a zuciya. Na bar gida na bi ayari har Bobo, daga nan na gangaro Abidjan, Allah ya buɗa mini har na kafa shagon yadi a Treichville. Shi kuma ya nufi Ikko. A can ya gane Turawan da ke tafiya a jiragen ruwa suna son jakunkuna da takalma da kube na fata, sai ya shiga bin jirgi da kaya, yana kwana a saman jirgin tare da sauran fatake.

Yana da 'yar fari, Rabi. Da aka yaye ta, yayarmu Hajo ta ɗauke ta riƙo, daga baya mijin Hajo ya kawo su unguwar Adjamé, nan Abidjan. Tun tana tatata Yaya bai sake sa ta a ido ba. Kowa ya san al'adarmu. Mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yi masa wasa a gaban jama'a, ba ya nuna yana marmarinsa. Yaya ya riƙe wannan kunya fiye da duk wanda na sani. In dole ta kama zai ambace ta, sai ya ce "ta wajen Hajo". Hajo ta rasu, Rabi ta yi aure. A shekarar da nake magana ta haifi ɗa namiji, tana cikin wankan jego, ba ta fita ko ƙofar gida.

A nan ne wani falke ya kawo mini saƙo cewa jirgin su Yaya zai tsaya a Port-Bouët kan hanyarsa ta zuwa Dakar. Na aika Adjamé aka faɗa wa mijin Rabi.

Wanda bai taɓa sauka a nan ba, jirgi ba ya matsowa gaɓa saboda ƙarfin igiyar ruwa. Can cikin teku yake tsayawa, a zuba mutane a wani babban kwando, inji ya sauke su cikin kwalekwale, a tuƙo su zuwa doguwar gadar ƙarfe da muke kira waf, a sake ɗaga su sama. Daga nan sai jirgin ƙasa zuwa gari. Jirgin su Yaya katako da koko zai ɗauka ya tashi kafin faɗuwar rana. In ya yi kuka, wanda bai dawo ba ya rabu da kayansa.

Ina tsaye a waf da hantsi sai ga shi ya fito daga kwando, rigarsa jiƙe sharkaf, yana dariya.

"Haruna! Kai ne da wannan tumbi? Ashe hannun ya sami aikinsa."

"Sannu da hanya, Yaya. Yaya ruwa?"

"An ɗauko ni a kwando kamar goro, har yayyafin ma ba a manta ba. Saura a sa mini ganye."

A cikin jirgin ƙasa na ce masa, "Yaya, wuni guda gare ka. Me kake so ka gani?"

Ya juya yana kallon itatuwan kwakwa ta taga. Ya ce, "Baƙo ai makaho ne ko da idonsa. Inda ka ja ni nan zan bi." Can an jima, bai dube ni ba, ya ce, "Hajo a ina aka sa ta?"

Na ce, "A Adjamé."

"Da nisa?"

"Ba nisa. A ƙetare gada, a ratsa Filato unguwar Turawa, shi ke nan. Za mu je."

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, na gane abin da yake nufi sarai. Mutumin da bai taɓa kiran sunan 'yarsa ba, babu yadda zai ce a kai shi gidanta. Iyakar abin da kunya ta bar masa ke nan, ya tambayi kabarin da ke kusa da ita. Sauran aikin nawa ne.

Amma a Treichville na sauke shi. Na ce baƙo ba ya shiga gari bai gai da manya ba, wannan kuwa gaskiya ce. Sai dai gaisuwa iri biyu ce, akwai ta tsaye akwai ta shimfiɗa tabarma, ni ta biyun nake so. Muka tarar da Sarkin Hausawa yana raba gardama tsakanin mahauta biyu, muka zauna har aka gama, don ina so Yaya ya ji yadda Sarki zai kira ni Malam Haruna. Daga nan gidan liman. Daga nan shago. Na zaunar da shi a kan kujera, na warware masa bandir bayan bandir, na kira maƙwabtana Julawa su zo su ga wana. Yana yaba komai. Sai dai na lura idonsa na yawan zuwa bakin ƙofa, inda inuwa take janyewa.

A gida matata ta daka sakwarar ayaba, ta yi miyar kwakwa da kifi. Abincin da aka yi domin baƙo ba a tsallake shi. Ya ci yana tsokanarta, wai tuwon mutanen nan ba a tauna shi, sai dai a yi masa addu'a a haɗiye. Muka yi azahar. Bayan sallama ya shafa fuska ya ce a hankali, "Ziyarar kabari ba a so a kai ta yamma." Na ce yanzu za mu tashi. Duk da haka sai da na biya da shi kasuwa, wai ya ga yadda dukawan nan suke ɓata fata.

Da muka isa gadar nan mai iyo a kan ruwa, an tsayar da mutane, jirgin ƙasa mai ɗauke da katako yana rarrafe a kanta kamar ba zai ƙare ba. Da muka ƙetare, wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya tare mu a bakin Filato yana juya takardar jirgin Yaya, ya kai ta wurin na gaba da shi. Kafin mu hau tudu rana ta karkata. Daga inda muke muna hango hayaƙin girki yana tashi daga rufin gidajen Adjamé. Nan muka gamu da wani ɗan dako da na sani, ya ce in da mai komawa waf ya hanzarta, jirgin ƙasa na ƙarshe ya kusa tashi.

Na ce, "Yaya, mu ƙarasa. In jirgin ya tafi ka zauna wurina har wani ya zo."

Ya ce, "Da kayana ne kaɗai a ciki, da na zauna. Rabinsu na dukawan Ikko ne, amana suka ba ni."

Ya tsaya a gefen hanya yana fuskantar Adjamé, ya ɗaga hannu ya yi wa Hajo fatiha. Na shafa, shi bai shafa ba. Ya daɗe a haka, mutane suna ratsa mu. Sannan ya zaro wani ƙunshi daga cikin riga ya miƙa mini, ya ce, "Ka kai gidan can. Ka ce in na juyo daga Dakar zan tsaya."

Bai yi mini faɗa ba, ko a fuska. A cikin jirgin ƙasa ma sai ya dafa gwiwata ya ce, "Shagonka ya yi kyau, Haruna. Na janye maganar tuwo." Abin da na wuni ina farauta ke nan tun safe, da ya zo hannuna sai na ji kamar na tauna toka.

Washegari na kai ƙunshin gidan Rabi. Zane ne da wasu 'yan takalman fata ja, waɗanda jariri ba zai sa ba sai ya fara tafiya. Na tarar an share tsakar gida fes, an aro sabuwar tabarma, ga tukunyar jiya ba a taɓa ba. Mijin Rabi ya ce ya wuni a bakin hanya. Ita kuwa ta karɓa da hannu biyu, kanta a sunkuye, ta ce, "Allah ya kai shi lafiya, Baba Haruna." Bayan wata biyu wani abokin tafiyarsa ya zo da labari. Zazzaɓi ya kama shi bayan sun bar Konakiri. Musulmin da ke saman jirgi suka yi masa wanka da salla, aka sauke shi cikin ruwa.

Yau Abidjan ta sauya. Yaƙi ya zo ya wuce. Treichville ta cika har ban san rabin masu wucewa ta ƙofar shagona ba. Motoci suna zirga-zirga zuwa Adjamé, tafiyar da ta gagare mu yanzu kafin ka gama cin goro ka isa. Ana ta haƙa yashi a Vridi, wai za a tsaga hanya teku ta shigo, jirage su riƙa tsayawa a cikin gari. Na kan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Na san zai fara da raha, ya ce Nasara ya gaji da ɗaukar mutane a kwando. Abin da zai biyo bayan rahar ne ban sani ba, domin shi mutum ne da ba ya cewa da ma.

Akwai kuma wani sauyin. Samarinmu da aka haifa a nan, waɗanda suka shiga lekol, wato makarantar boko, za ka ga mutum ya saɓa ɗansa na fari a kafaɗa yana kiran sunansa a tsakiyar kasuwa. Dattawa suna tsaki, suna cewa kunya ta ƙare. Da ni ma ina cikin masu tsakin. Yanzu in na gani sai in kau da kai. Ba na zargin al'adarmu. Wadda ta rufe bakin uba ita ce ta ɗora wa ƙanensa da 'yan uwansa su zama bakinsa, su kai shi inda ba zai iya cewa a kai shi ba. Da haka iyayenmu suka zauna, ba wanda ya cutu. Ranar da ta karye, a hannuna ta karye. An ce zumunci a ƙafa yake, ni kuwa ƙafar da aka ba ni aro na yi yawon nuna kaina da ita.

In iska ta taso daga teku bayan la'asar, kukan jirgi yakan iso har Treichville, siriri, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Yaran shago sun saba, in suka ga na tsaya da almakashi a hannu sai ɗaya ya karɓa ya ƙarasa yankan. Na yi istigfari, na yi sadaka, malamai sun ce mini kwana ne ya ƙare, ko ya je Adjamé ko bai je ba zazzaɓin yana jiransa. Na yarda. Amma mutuwarsa daban, abin da na hana shi daban.

Rabi ba ta taɓa tayar mini da maganar ba sai bana. Na je gaishe su, muna zaune ita tana tsince shinkafa, sai ta ce, "Baba Haruna, shi wane iri ne?"

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Wan naka." Ita ma ba ta iya cewa babana.

Na buɗe baki zan kwatanta shi, sai na tarar fuskar ta fara gushe mini. Ni kamannin dangin uwata na ɗauko, ba za ta gan shi a jikina ba. Hoto kuwa babu. Na tuna muryarsa, na tuna dariyarsa, amma in na nemi fuskar sai in ga bayan mutum kawai, tsaye cikin kwando, inji yana sauke shi. Na faɗa mata haka, ban ƙawata ba. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce, "To a tambaya mana. Ai ba a rasa wanda ya san shi."

Dalilin wannan rubutu ke nan. Abin da ya rage na Yaya Isufu ba yawa. Akwai jakunkunan da ya ɗinka suna can a gidajen Turawa da ba su san sunansa ba. Akwai amanar da abokin tafiyarsa ya mayar wa dukawan Ikko cif. Akwai kuma mace a Adjamé, uwar 'ya'ya huɗu, wadda take so ta san kamannin ubanta. In akwai mai karatu a Ikko ko Akara ko Dakar da ya taɓa kwana a saman jirgi kusa da wani Bagobiri baduku, dogo, mai yawan raha, wanda babban yatsansa na hagu ya karkace saboda basilla, don Allah ya aiko da abin da ya tuna. Ko faɗin goshinsa ne, ko yadda yake naɗa rawani, ko abin da ya faɗa a kwanakinsa na ƙarshe. A ba kowane falke mai zuwa Treichville, ya tambayi Haruna mai yadi. A ranar da ya iso zan kai mata, kafin in gai da kowa.

Allah ya sa ruwan da ya rufe shi ya zame masa rahama, ya yafe masa, ya yafe mini.