Tafin Ɗan Takara

Ga ɗan takara nan tsaye ƙiƙam a gaban dandalin mawaƙa, a filin bikin 'yancin bayi na garin Galveston, ya tare wa tsofaffi gani. Rigarsa ta atamfa sabuwa ce fil, ko shatin ninkin kanti bai baje ba. Kofin jan lemon biki na hannunsa, amma ko kurɓa bai yi ba, kada haƙora su rine kafin a ɗauki hoto. Kujerar kansila yake nema. Daga gani irin 'ya'yan nan ne da ba sa tuna hanyar unguwa sai zaɓe ya matso.

Mawaƙan coci sun ɗauko waƙar da kakanni suka rera a gonakin auduga, fili ya ɗauki tafi. Shi ma ya dire kofi ya shiga, sai dai in jama'a sun tafa ya buɗe hannu, in sun buɗe ya tafa.

Mama Odessa, shugabar matan coci, wadda duk inda ta nuna nan unguwa ke jefa ƙuri'a, ta zungure shi da sanda.

"Kai ɗan nan, sauro kake kashewa?"

"Haba Mama, ɗan gida ne ni! Nan aka yanke mini cibiya."

"Lallai da kunnen aka haɗa."

Mata suka kwashe da shewa. Ya yi yaƙe, ya cusa hannuwa aljihu.

"Yauwa," in ji ta. "Bar su nan. Yau ka fara yi wa unguwar nan aiki."