Ƙahon Rabo Wanzami

"Wai da gaske ne a kwalba ake ɗura wa mutum jinin wani?"

"Wallahi kuwa. Ka kwanta da halinka, ka tashi da na ɓarawo."

"Kai, yi shiru, ga Wanzami nan."

Rabo ya ji su sarai, bai waiwaya ba. Shekara talatin ke nan yana zama a kasuwar Kurfi da zabirarsa, yana aski, yana cire belu. Amma a ƙaho ya yi suna. Daga Barkiya har Kuki, duk wanda jikinsa ya yi nauyi wurinsa yake zuwa, ya tsaga masa baya, ya zuƙe mataccen jini. Haka ya gada, bai taɓa shakka ba.

Da kakar bana, shekara uku bayan samun 'yancin kai, yayansa Malam Dalhatu ya faɗi a gonar dawa dafe da ƙirji, zufa na zuba. Rabo ya ce jini ne ya taru. Ya kafa masa ƙaho sau huɗu cikin kwana tara, duk wanda ya cire sai ya nuna masa.

"Ka gani, Yaya? Baƙi ƙirin. Saura kaɗan."

Da tafin hannun Dalhatu ya koma fari fat, aka sa shi a motar gyaɗa zuwa asibitin birni. Likita ya ce zuciya ce, ga shi jinin da za ta tura ya yi kaɗan. Ya dubi tsagar da ke bayansa, ya tambayi wanda ya yi. Rabo ya sunkuyar da kai.

Da aka ce sai an ƙara wa Dalhatu jini, ya miƙa hannu a ɗebi nasa. Aka gwada, aka ce bai zo ɗaya da na yayansa ba. Uwa ɗaya, uba ɗaya!

Direban motar ne ya ba da kwalba guda. Dalhatu ya buɗe ido, har ya nemi fura. Kwana biyu, numfashi ya sake sarƙewa. Likita ya ce a nemo wani, ko da yake zuciyar ba lallai ta ɗauka ba.

Abin da ya dawo da Rabo kasuwa ke nan. Mutum goma sha ɗaya ya roƙa su ba da jini tun safe, kowa da uzurinsa. A karar shanu ya iske Jibo, makiyayi, abokinsa tun ƙuruciya. Ya durƙusa a gabansa cikin kashin shanu.

"Jibo, motar za ta tashi da azahar. Don Allah ka bi ni, ko gwadawa ce su yi."