Yadda Nababa Ya Saka Suruki a Ayari

Nababa tela ne a ƙauyenmu, gabas da Minjibir. In ka kai masa ɗinkin ƙaramar salla, ka sa rai da babba. Ba ƙyuya ba ce, hankalinsa ne ke kan wani guruf da ya buɗe a WhatsApp mai suna Ayarin Gwanja. Wasan labari ne: kowa ya ɗauki mutum ɗaya cikin fataken da, yana rubuta abin da mutuminsa ya ce da abin da ya yi. Nababa ne madugu. Ni maroƙin ayari aka ba ni, wai ba sai na koyi komai ba. Doka ɗaya ce: ba mai taɓa mutumin wani. In naka ya yi shiru, kowa ya tsaya jiranka.

Har yau ina mamakin yadda mutumin da kullum yake neman almakashinsa ya riƙe mutum ashirin shekara uku. Lokacin noman fari, da kowa ke gona, sai ya sa ayari ya ya da zango. Wanda data ta ƙare masa, ya ce zazzaɓi ne ya kama mutuminsa, a ɗora shi a jaki. Bana dai muka ragu zuwa tara, sai ya shiga saka duk wanda ya leƙo shagonsa da babbar waya.

Jigon guruf ɗin kuwa Naziru ne, mai awon wake a kasuwar Dawanau. Shi ne ɓarawon ayari, kuma don shi ake leƙowa. Ya saci jakin madugu, an kama shi a bakin kogi, ana jiran ya kare kansa, sai ya yi gum. Kwana goma sha ɗaya. Mutum biyu suka fice. Nababa ya ce da ni in aka kai Juma'a a haka, ayari ya watse.

Ni da Nababa muka sami Naziru a gonar gyaɗarsa.

Nababa ya ce, "Kai ɓarawo, lafiya? Hannunmu ya gaji da riƙe ka."

Naziru bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya Nababa, wa ka saka ranar kasuwa?"

"Mutum huɗu. Har da Malam Ɗanliti."

"Malam Ɗanliti mene ne a wurina?"

Nababa ya cire hula ya sosa ƙeya. Malam Ɗanliti mahaifin Aina'u ne, matar Naziru. Mutumin da Naziru ke sauya hanya in ya hango shi, ko ruwa ba ya sha a gabansa.

Na ce, "Ai ba kai ba ne, mutuminka ne ya yi satar."

Ya ce, "Da lambar wa ake rubutawa?"

To, cire dattijo ba tare da saninsa ba rashin kunya ne, barinsa kuma mutuwar wasa. Muka tarar da Malam yana gyaran rumbu. Nababa ya gaishe shi, ya tambayi gero, ya tambayi dawa, saura kaɗan ya tambayi lafiyar gara.

Malam ya ce, "Kan yaron nan kuka zo ko? Na gane lambar. Shi ya sa ban taɓa cewa uffan ba, ashe shirun nawa ma ya yi masa nauyi. Ka cire ni." Ya juyo gare ni. "Amma kai mai baki, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka zo ka karanta mini. Ina so in ji yadda zai kuɓuta. Kada ya sani."

Da la'asar aka cire shi. Kafin magariba ɓarawo ya buɗe baki: wai shi bai saci jaki ba, jakin ne ya biyo shi yana kuka, don rabonsa da dusa a hannun madugu tun Kano. Washegari mutum biyun nan suka roƙa a mayar da su.

Ranar Juma'a na karanta wa Malam. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce in koma wajen dusar nan. Sau uku na maimaita masa.