Langar Naman Layya

Abin nan ya faru ne a shekarar da Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar sanyi, mako guda da Kirsimeti. Damina biyu ke nan da rasuwar Malam, mijina, kuma ban daɗe da zuwa garin Greensboro na Amurka wurin ɗana na fari ba. A lokacin muna haya a gabashin gari kusa da jami'a, shi da matarsa ba su kai ga sayen gidansu na unguwar Sedgefield ba tukuna. Jikana bai cika biyar ba, haƙoransa na nono duk suna nan. Ni ban yi boko ba, ba na riƙe shekara da lamba, amma a irin wannan lissafi ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

Da sanyi ya kankama sai layinmu ya kama da wuta. Kowane gida an yi masa rawani da ƙananan fitilu, har itatuwa ba a bari ba. Gidanmu ne kaɗai ba ado. Wata rana yaron ya dawo daga makarantar renon yara ya ƙi cin abinci, ya zo ya jingina da gwiwata.

Na ce, "Maigida, wa ya taɓa min kai? Ko kuɗin cefane ne babu?"

Ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Kaka, mu ba mu da kirki?"

Uwarsa ce ta warware min. Wai an gaya musu akwai wani tsoho mai farin gemu da jajayen kaya da ke kai wa yaran kirki kyauta. Shi kuwa ya duba ya ga kowa yana shirin biki ban da mu, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa mun yi laifi ne aka tsallake gidanmu. Ubansa ya zaunar da shi ya yi ta bayani da Turanci, kamar yana gaban ɗalibansa. Yaro ya saurara har ƙarshe, sannan ya sake yin tambayarsa ta farko.

Na ce da ɗana, "Ɗan shekara huɗu ba a yi masa wa'azi. Kwano ake ɗora masa. Ku bar min shi zuwa Sallah."

Ranar Sallah aka yi Idi a cikin ɗaki saboda sanyi. Maza suka wuce wata gona a McLeansville suka yanka ragon, aka kawo naman a bayan mota. Na sa yaron ya tsuguna kusa da ni na kasa naman uku a gabansa: na gida, na 'yan uwa, na maƙwabta. Na soya da kaina, don surukata ma'aikaciyar asibiti ce, hannunta na da kyau a allura, amma suyar naman layya sai ni. Sannan na ɗauko langata, kwano mai murfi, ja da fararen furanni, wanda na zo da shi tun daga gida a naɗe cikin zani.

Surukata ta ce, "Mama, ga roba nan ta yarwa. A nan ba a aika kwano mai kyau."

Na ce, "Naman layya a roba? Sai ka ce na marar gata."

Ina zuba naman ina ba yaron labari. A barikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan, inda na yi zaman aure, maƙwabtanmu rabi Kirista ne. Da Sallah mu aika musu nama, da Kirsimeti shinkafarsu da cincin su cika mana ɗaki. Kuma yara ne 'yan aike. Na ce masa, "Mu ba ma jiran wani tsoho ya kawo mana. Mu ne masu kaiwa. Kuma ka riƙe wannan: kwano ba ya dawowa fanko. Za ka gani da idonka."

Gidan da ke kallon namu na wata dattijuwa ce baƙar fata, 'yar ƙasa, mijinta ya rasu. Fitilunta sun fi na kowa. Tsakanina da ita ɗaga hannu ne kawai, don ba ta jin yarena, ba na jin nata. Na sa wa yaron babbar riga da hula a kan rigar sanyi, ya zama kamar tulu, uwarsa ta tsallaka da shi titi. Ina tsaye a ƙofa ina kallo. Matar ta karɓa, ta buɗe murfin ta shinshina, ta rungume shi, ta yi ta godiya. Sai ta shiga ta rufe ƙofa.

A wurinmu nan take ake juye abinci, a sa ko da goro ne ko gyaɗa, a miƙo wa yaro kwanonsa. Nawa ya dawo hannu rabbana.

"Kaka, ina langa?"

Na ce, "Tana zuwa."

Washegari ya tashi ya manne a taga. Jibi ma haka. Ya ga motar matar ta fita, ya ga ta dawo da ledoji, ba langa. Na ce masa miji marar haƙuri irinsa ban taɓa gani ba, zan kai shi gaban alƙali a raba mu. Bai yi dariya ba.

Ɗana ya same ni a kicin ya rage murya. "Mama, mutanen nan ba su san wannan al'adar ba. Ta ɗauka har kwanon kyauta ce. Bari in je in karɓo, in sayi 'yar mota in sa a ciki, mu ce ita ta aiko."

Na ce, "Ka je roƙon kwano a gidan mace, sannan ka yi wa ɗanka ƙarya da sunana? Ka ga yadda ta karɓa kuwa? Hannu biyu ta sa. Matar da ke karɓar abinci da hannu biyu, ta share ƙofar gidanta kullum da safe, uwa ce ta raine ta. Ka bar ta."

Ba zan ɓoye ba, ranar jajiberin bikinsu na ji yaron yana tambayar uwarsa ko Kaka ma tana ƙarya. Wannan ya tsaya min a rai. Langar ba ta dame ni ba, maganata ce na ba shi, kuma a kanta ya rataya duk abin da na koya masa. Amma ban janye ba.

Ranar Kirsimeti bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Ita ce, da ƙatuwar hularta ta zuwa coci, ta naɗo langata a tawul, ga faranti a sama. Ta wuce manya duka, ta sunkuya ta miƙa wa yaron. Ta yi magana, surukata tana mayar min da Hausa. Ta ce a ƙauyen da ta tashi, inda iyayenta ke noman taba, uwarta ta hana ta mayar da kwanon mutane ba komai a ciki. Ta riƙe ne don ba ta da abin da ya kai wannan naman daraja sai ta yi girkin bikinta. Ta ce ganyen da ke cikin langar da naman talotalo ta dafa shi, ta san abin da ba mu ci. A farantin kuwa wani irin kek ne na dankalin Hausa.

Na dubi ɗana. Ya dubi silin.

Na zaunar da ita, muka ci tare. Ganyen ya yi daɗi, ko da yake yana neman daddawa. Na ba ta goro, ta gatsa, fuskarta ta tattare wuri guda, ta haɗiye don kara, muka yi dariya har da hawaye. Da ta miƙe za ta tafi, surukata ta wanke farantin ta miƙa mata. Sai yaron ya sha gabanta ya riƙe shi da hannu biyu.

"A'a, Momi. Fanko ne."

Na ce, "Ku ji maigidana. Kawo nan, ango, akwai dambun nama."

Shi ya cika farantin, shi ya raka dattijuwar har ƙofarta. Bai sake tambayar ko muna da kirki ba. Sallah ta yi ta matsowa baya har ta fita daga sanyi, mu ma muka tashi daga layin, amma langa da faranti ba su daina tsallake gari ba, kuma shi ne ɗan aike har ya fara tuƙa mota da kansa.

Dattijuwar nan ta rasu ana gobe za a ɗauki azumi, shekarar da cuta ta kulle kowa a gida. Manomin da ya sayar mana da ragon ma an ce ya tafi. Ɗana yana nan, furfura ta kama shi. Surukata tana nan, ta iya suya yanzu. Yaron ya yi gemu, yana jami'a. 'Yar dattijuwar ce ke karɓar langar a madadin uwarta. Ni ma ga ni, ina cin tuwona.