Zangarniya Ɗaya a Gonar Asabe

Asabe mace ce mai yawan tsayawa shiru tana kallon abin da ba kowa ke gani ba. A ƙauyensu na bakin kogi, kudu da Sinja, an saba da ita haka. In ta tsaya gefen gonar marigayi babanta, mutane tulin jar ƙasa suke gani, ita kuwa gero take gani yana kaɗawa har gaɓar ruwa.

Gonar ta mutu ne shekarar da Asabe ta tafi tsintar auduga Jazira. Ƙanenta Osman, bawan Allah da bai iya ce wa baƙo a'a ba, ya ba masu neman zinariya aron wurin. Suka riƙa jibge ragowar ƙasar ramukan haƙa, wadda suke kira karta, suna sake wanke ta da magunguna masu guba. Da suka gama suka kama gabansu. Ko ƙaya ba ta ƙara tsirowa ba, kaza ma in ta ratsa wurin sai ta ƙara sauri.

Burin Asabe ɗaya ne tak: ta ci tumun gonar nan kafin ta koma ga Allah. A gidansu ba a taɓa amfanin shekara sai babansu ya gasa zangarniyar fari tun tana ɗanya, ya murje, ya hure, ya zuba wa kowane ɗa a tafin hannu. Shekara sittin ke nan, amma har yanzu takan ji ɗumin a hannunta.

Huda, 'yar Osman, wadda ta yi karatun noma a Abu Na'ama, ita ta zo mata da shawara.

"Gwaggo, akwai ciyawar da ba ta tsoron wannan ƙasa. Jema."

Asabe ta tuntsire da dariya. "Jemar da ake saƙa faifai da ita? Wannan ne karatun naki duka, ɗiyata?"

Ta dai gwada. Ta tona 'yan ramuka jere-jere, ta cika su da kashin awaki da baƙar lakar da kogi ke bari in ya janye, ta dasa. Shekarar farko yawancin dashen suka ƙone. Ta sake, tana jigilar ruwa da jaki, tana yi wa kowane tsiro magana kamar jinjiri. A shekara ta uku wurin ya yi kore shar, saiwa ta nutsa ta riƙe ƙasar, iska ta daina kwaso jar ƙura tana watsawa cikin tukwanen mutane.

Nan ta samu baƙin jini. Huda ta ce jemar tana zuƙe gubar ƙasar ne, don haka kada dabba ta ci, a yanke ciyawar a kai can nesa a binne. Ga rani, ga kore a gaban awaki masu yunwa, ga tsohuwa da sanda tana kora. Aka sa mata suna mai rowar ciyawa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta ajiye sandar ba.

A damina ta biyar, tsakanin layukan jema, sai ga karan gero ɗaya, wataƙila tsuntsu ya yar da irin. Asabe ta kewaye shi da ƙaya. Kullum da hantsi takan zauna gabansa, har sai ta ga gonar ta cika, babanta na tafe daga kogi da lauje a kafaɗa.

Huda ta ɗebi ƙasa da 'yan ƙwayoyi ta kai awo. Da ta dawo ta tsuguna gaban gwaggonta.

"Lissa, Gwaggo, da saura. Gubar ta ragu sosai, amma ba a ci."

"Sai yaushe?"

"Ƙila shekara bakwai. Ƙila goma."

Asabe ta haura saba'in, kuma dukansu sun san haka. Ta miƙe ta yanke zangarniyar, ta hura 'yar wuta nan bakin gona, ta ɗora. Ƙamshi ya tashi. Ta rufe ido tana shaƙa, tana juya ta, hawaye na bin kumatunta, har ƙwayoyin suka yi baƙi ƙirin.

"Halas, shi ke nan, na ji nawa a ƙamshi," in ji ta. "In gonar ta yi, ki gasa wa ɗiyanki. Miƙo mini kwandon lakar can, layin gabas bai cika ba."