Gwangwanin Waken Mushe Maman

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Mushe Maman (Mushe shi ne Malam a Faransance) yake jingine kekensa a gindin bishiyar bedi, bakin biro, wato ofishin wani furojen noma da ke Madarumfa. Zai buɗe taga, ya yaye zanen da ke rufe da ordinatar, wato kwamfuta, sannan ya ciro abu biyu daga jaka: tsohon gwangwanin sardin da ƙullin wake. Shekara biyu haka yake yi, har 'yan biro suka laƙaba masa Mai Wake, kuma ba don yabo ba.

A cikin na'urar akwai wani shiri da suke kira Mai Yawo. Da an haɗa shi da layin tarho sai ya shiga intanet, ya bi shafi zuwa shafi yana tattaro labarin ruwan sama da motsin fara. A buga a takarda, Ado direba ya kai wa manoman Safo da Sarkin Yamma. Wani ƙwararre da aka ɗauko daga waje ne ya rubuta shi a 1997, ya sha tafi, ya hau jirgi. Abin da ya bari shafi casa'in ne na umarni, a cukurkuɗe kamar komar da masunci ya yar a jiƙe. Ka gyara nan, can ya ɓaci. Sati ba ya ƙarewa sai Mai Yawo ya ƙi yawo.

A nan waken ya shigo. Maman, injiniyan furojen, yakan bi umarnin layi-layi, duk inda shirin ya zo mararraba, wato inda aka ce masa in kaza ne bi nan, in ba haka ba bi can, sai ya jefa ƙwara ɗaya a gwangwani. Ɗelu sakatariya ta shaida ranar da sashe guda ya cinye ƙwara arba'in da ɗaya.

"Mushe, wanga wake na dahuwa ne ko na duba?" in ji ta.

"Na awo ne, Madan Ɗelu. Mararraba arba'in da ɗaya wuri guda, wa za shi iya riƙe su a kai? In sashe ya wuce goma, raba shi nike."

Haka ya yi ta rabawa, yana ba kowane sashe suna, yana rubuta bayani a samansa da Faransanci mai sauƙi. Takardarsa ta aiki kuwa ƙarshen 1999 za ta ƙare, ga iyali takwas a wuyansa. Ado ya ja shi gefe.

"Mushe, ka bar ma kanka ƙulli guda wanda kai kaɗai ka san kwance shi. Masu daɗewa wurin aiki haka suke yi."

Maman ya san gaskiya Ado ya faɗa, kuma tsoro ya kama shi. Amma ya ce, "In na mutu gobe hwa? Manoma su jira fara ta zo ta sanar da kanta?"

Da baƙi suka zo daga Yamai duba aiki, daraktan furojen ya ɗaga tsohon kundi da sabo, ɗaya a kowane hannu, kamar mai zaɓen kankana. Shafi casa'in ya koma talatin da huɗu. Wata takwas shirin bai tsaya ba. Aka sa Ɗelu ta canza adireshin wani shafin intanet, ta bi bayanin Maman, ta gama kafin shayi ya huce.

"Kun gani?" in ji darakta. "Sakatariya ma ta iya. To mi muke yi da injiniya?"

Ba a sabunta takardar aikin Maman ba. Ko liyafar lemo ba a yi masa ba. Shi kuwa wanda ya cukurkuɗa abin, har yau hotonsa na rataye a bango.

Mushe Maman, kai ne ka share hanya har aka daina ganin mai shara. Kai ne aka auna aikinka da kaurin takarda. Mai kwance ƙulli, na ji haushin abin da aka yi maka, kuma ban huce ba.

Yanzu yana noman rani a bakin tafki. Kwanan baya Mai Yawo ya yi tuntuɓe, Ɗelu ta ƙara masa sashe da hannunta, ta zo lambu ta gaya wa Maman, idonta ƙasa don kunya. Bai tambayi darakta ba, bai tambayi kujerarsa ba.

"Ƙwara nawa?" ya ce.

"Bakwai, Mushe."

Ya gyaɗa kai, ya koma ban ruwa.

Mun gode, Mushe Maman, Allah ya biya ka inda ba a auna aiki da hannu. Ku kuma masu rubuta wa na'ura umarni, ku nemi gwangwani da wake, ku rubuta yadda na bayanku zai gane. Amma ba zan yi muku ƙarya ba: wanda ya koya mana wannan, albasa yake shayarwa.